Na'ura da Haɗin Gwiwar Ɗalibai Wajen Kaifafa Tunani a Jami'a: Misali Daga Harvard

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami jami'ar da ba ta da'awar cewa babban aikinta shi ne koya wa ɗalibai yin tunani. Amma idan aka leƙa ɗakin lacca, abin da galibi akan tarar shi ne malami tsaye yana kwararo bayani, ɗalibai kuwa suna zaune suna rubutawa, har ranar jarrabawa ta zo a nemi su mayar masa da ajiyar da ya ba su. Wanda ya mayar da ita cif-cif, shi ake kira haziƙi. Da kwamfuta da intanet da wayar hannu suka bazu, sai jami'o'i da yawa suka ɗora burinsu a kan na'urori, bisa zaton cewa sayen kayan aiki ya isa ya warkar da wannan cuta.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wani tsarin koyarwa da aka soma a Jami'ar Harvard ta Amurka a shekarar 1991, wanda ya haɗa amfani da na'ura da muhawara tsakanin ɗalibai. Za a duba mafarinsa, da yadda yake gudana, da abin da bincike ya tabbatar game da shi, domin a gane rabon na'ura da rabon mutane a cikin nasarar da aka samu. Abin da ake nufi da tunani a nan shi ne ɗalibi ya iya kawo hujja, ya iya auna hujjar waninsa, ya san inda ƙa'ida take aiki da inda ta tsaya, kana ya iya barin ra'ayinsa idan hujja ta rinjaye shi.

2.0 Mafarin Al'amarin

Eric Mazur mutumin ƙasar Holan ne, masanin fiziks, watau kimiyyar motsi da ƙarfi da zafi da haske. Ya soma koyarwa a Harvard a 1984, kuma cikin ɗalibansa akwai masu shirin karatun likita da yawa. Shekara da shekaru yana gabatar da lacca, ɗalibai suna yabonsa, suna kuma cin jarrabawa, saboda haka bai ga dalilin shakkar aikinsa ba.

A 1990 ya karanta rahoton wani bincike da Ibrahim Halloun da David Hestenes na Jami'ar Jihar Arizona suka buga tun 1985. Waɗannan masana sun tsara tambayoyi cikin harshe mai sauƙi, ba lissafi a ciki, domin su gwada ko ɗalibai sun fahimci dokokin motsi na Niyuton. Suka ba da tambayoyin a farkon zangon karatu, suka sake bayarwa a ƙarshensa, sai suka tarar mafi yawan ɗaliban sun fita da ra'ayoyin da suka shigo da su, ko wane ne malaminsu.

Ga irin tambayar da ake magana a kai. Gingimari ya yi karo da ƙaramar mota: shin ƙarfin da gingimarin ya daki motar da shi ya fi wanda motar ta dake shi da shi, ko bai kai shi ba, ko kuwa daidai suke? Doka ta uku ta Niyuton ta ce daidai suke, bambancin ɓarnar da ake gani kuwa ya samo asali ne daga bambancin nauyin motocin biyu da ƙwarin jikinsu. Duk ɗalibin da ke ajin zai iya karanto wannan doka da ka. Amma da yawa suna ganin tambayar sai su zaɓi gingimari, domin haka ido ya saba gani a kan hanya.

Mazur ya ɗauka abin ba zai faru a ajinsa ba, don haka ya gwada ɗalibansa. Ya ba da labari cewa ana cikin gwajin aka ɗaga hannu aka tambaye shi ko a amsa bisa abin da ya koyar ne, ko kuwa bisa yadda mutum ya saba ɗaukar waɗannan abubuwa a ransa. Wannan tambaya ta tona asirin matsalar. Ilmi iri biyu ne ke zaune a kan ɗalibi ɗaya ba tare da sun taɓa haɗuwa ba: na hadda, wanda ake fito da shi ranar jarrabawa, da na zuci, wanda ake rayuwa da shi. Sakamakon gwajin kuwa bai yi wa malamin daɗi ba.

Wata rana yana bitar ɗaya daga cikin tambayoyin, ya yi bayani a allo iyakar iyawarsa, amma ya ga fuskokin ɗalibai ba su nuna alamar fahimta ba. Da dabara ta ƙare masa sai ya ce kowa ya juya ya tattauna da na kusa da shi. Nan take ɗakin ya kaure da surutu, kuma cikin 'yan mintoci kaɗan galibin ajin ya kai ga amsar. Daga nan tsarin ya tsiro. A 1997 ya fitar da littafi a kansa mai suna Peer Instruction, watau koyarwar tsara da tsara.

3.0 Yadda Tsarin Yake Gudana

Tsarin yana da matakai shida, kuma kowannensu yana da dalili.

(a) Ɗalibai su karanta darasin kafin su zo aji, domin a keɓe lokacin haɗuwa ga abin da ya shige musu duhu.

(b) Malami ya yi gajeren bayani a kan batu ɗaya tak.

(c) Ya jefa tambaya mai zaɓin amsoshi, wadda hadda ba ta isa a amsa ta. Amsoshin da ba daidai ba, daga kurakuran da ɗalibai suka saba yi ake ɗauko su.

(d) Kowane ɗalibi ya yi shiru na minti ɗaya ko biyu, ya yi tunani shi kaɗai, sa'an nan ya aika da amsarsa.

(e) Malami ya dubi yadda amsoshin suka rarrabu. Idan waɗanda suka dace ba su kai kimanin kashi 30 cikin 100 ba, sai ya sake bayani, domin ajin bai sami abin muhawara ba tukuna. Idan sun wuce kashi 70, sai ya taƙaita ya wuce gaba. Idan kuwa suna tsakani, sai ya umarci kowa ya nemi wanda amsarsu ta saɓa, ya yi ƙoƙarin shawo kansa cikin 'yan mintoci, shi kuwa malamin ya riƙa zagawa yana saurare.

(f) A sake jefa ƙuri'a a kan tambayar, kana malami ya bayyana amsa da dalilinta.

Abin lura shi ne ba a faɗin amsa kafin muhawara. Da zarar malami ya furta ta, gardama ta mutu, kowa ya koma rubutu.

Tsarin bai taƙaita ga kimiyya ba. Malamin nahawu, alal misali, yana iya kawo wannan da'awa: duk sunan da ya ƙare da wasalin -a jinsin mace ne. Sa'an nan ya tambaya wace kalma ce ta rushe da'awar tsakanin riga da gida da mace da doki. Wasu za su zaɓi mace, ganin cewa jinsin mace ce amma ba ta ƙare da -a ba. To amma da'awar ba ta ce sunaye masu -a kaɗai ne jinsin mace ba. Kalmar da ta rushe ta ita ce gida, domin ta ƙare da -a, alhali kuwa cewa ake yi gidan ya rushe. Ɗalibin da ya yi gardama a kan wannan har ya gane kurensa ya koyi nahawu, ya kuma koyi yadda ake gwada kowace irin ƙa'ida.

4.0 Rabon Na'ura

Ana iya karɓar amsoshin ɗalibai ta ɗaga hannu, ko ta katuna masu haruffa, ko ta 'yar na'ura mai maɓallai wadda kowane ɗalibi zai riƙe, ya latsa, amsarsa ta tafi kwamfutar malami. Daga baya wayar hannu ta ɗauke wannan aiki a wurare da yawa. Amfanin na'urar iri huɗu ne.

Na farko, tana suturta mai amsa. Inda ake ɗaga hannu, mai kunya yakan noƙe, wasu kuma sukan jira su ga hannun gwanin aji kafin su ɗaga nasu. Na'ura tana sa kowa ya tsai da magana shi kaɗai, kuma wanda ya riga ya tsai da magana yana da abin da zai kare idan an zo muhawara.

Na biyu, tana nuna wa malami cikin ƙiftawar ido abin da ke zukatan mutum ɗari biyu ko ɗari uku. A da, sai bayan an duba takardun jarrabawa yake sanin an bar wasu a baya, sa'ad da gyara ya riga ya ƙure.

Na uku, tana adana amsoshi, ta yadda malami zai san tambayar da ta yi amfani da wadda ya kamata a sake wa fasali. Wata manhaja da Mazur ya ƙirƙira tare da Gary King da Brian Lukoff, mai suna Learning Catalytics, har tana iya duba amsoshin ta gaya wa ɗalibi wanda zai juya ya tattauna da shi cikin maƙwabtansa.

Na huɗu, tana kai haɗin gwiwar har wajen aji. A 2015 Mazur da abokan aikinsa suka fito da Perusall, inda ake ɗora littafin darasi a intanet, rukunin ɗalibai su karanta shafi ɗaya, wannan ya rubuta tambaya a gefen sakin layin da ya gagare shi, wancan ya amsa masa. Kafin gari ya waye malami ya san inda aka fi yin tuntuɓe.

Duk da haka, akwai binciken da ya nuna iyakar rabon na'ura. A 2008 Nathaniel Lasry na Kwalejin John Abbott ta ƙasar Kanada ya kwatanta azuzuwan da suka bi wannan tsari da na'urar latsawa da waɗanda suka bi shi da katunan takarda, bai kuwa sami wani bambanci na a-zo-a-gani ba a fahimtar da suka samu. Ke nan na'ura tana sauƙaƙa aikin, tana kuma faɗaɗa shi, amma tushen ribar yana ga tambayar da muhawarar. Wannan albishir ne ga duk makarantar da wutar lantarki ko kuɗin kayan aiki ke yi wa cikas.

5.0 Shaidar Bincike

Masana sun yi amfani da wani ma'auni mai sauƙi wajen kwatanta azuzuwa. Idan aji ya sami maki 40 cikin 100 a gwajin farko, saura 60 ke nan. Idan a gwajin ƙarshe ya sami 55, ya ci 15 daga cikin 60 ɗin, watau rubu'i, ko 0.25.

A 1998 Richard Hake na Jami'ar Indiyana ya tattara sakamakon azuzuwan fiziks 62 masu ɗalibai 6,542. Azuzuwa 14 da suka dogara ga lacca sun sami matsakaicin 0.23, sauran 48 da suka sa ɗalibai aiki da tattaunawa suka sami 0.48, watau ninki biyu har da ɗoriya. A Harvard kanta, rahoton da Catherine Crouch da Mazur suka buga a 2001 ya nuna ma'aunin ya tashi daga kimanin 0.25 a 1990 zuwa 0.49 a 1991, ya kai 0.74 a 1997 bayan an yi ta gyara tsarin. Sun kuma nuna cewa iya warware lissafi bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi.

A 2014 Scott Freeman na Jami'ar Washintan da abokan aikinsa suka haɗa sakamakon bincike 225 a fannonin kimiyya da injiniyanci da lissafi. Suka tarar masu faɗuwa a azuzuwan lacca zalla sun kai kashi 33.8 cikin 100, a azuzuwan da ɗalibai ke aiki da kansu kuwa kashi 21.8.

Mai suka yana iya cewa ai ba abin mamaki ba ne amsa ta gyaru bayan tattaunawa, tun da raunana sun zama 'yan amshin Shata ne kawai, sun kwaikwayi gwanaye. Michelle Smith da abokan aikinta a Jami'ar Kolorado sun gwada wannan zargi a ajin ilmin gadon halitta, suka buga sakamakon a mujallar Science a 2009. Bayan muhawara, kafin a faɗi amsa, sai su ba da wata tambaya dabam mai ƙa'ida ɗaya da ta farko, kowa ya amsa shi kaɗai. Mai kwaikwayo ba shi da abin kwaikwaya a nan. Amma sai aka ga masu dacewa a tambaya ta biyu sun fi waɗanda suka dace a ta farko kafin muhawara yawa. Bugu da ƙari, alƙaluman sun nuna an sami ci gaba har a rukunan da tun farko babu wanda ya san amsar a cikinsu.

6.0 Dalilin Nasarar

Mazur ya danganta nasarar da cewa malamin da ya daɗe da sanin abu yakan manta wahalar da ke cikin koyonsa, har ya riƙa tsallake matakan da ɗalibi ke bukata ba tare da ya sani ba. Ɗalibin da ya gane abin jiya-jiya kuwa yana tune da ramin da ya faɗa, ya kuma san kalmomin da suka fito da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai wani dalili da ya fi wannan zurfi, wanda masana halayyar ɗan Adam suka gano. A 1966 Peter Wason na Landan ya fito da wani gwaji na katuna huɗu, kowanne da harafi a fuska ɗaya da lamba a ɗaya fuskar. A ce abin da ake gani shi ne A da K da 4 da 7, aka kuma kafa ƙa'ida cewa duk katin da ke da wasali a fuska ɗaya, lambar da ke bayansa tana rabuwa biyu ba saura. Waɗanne katuna ne tilas a juya domin a san ko ƙa'idar gaskiya ce? Mafi yawan mutane sukan zaɓi A kaɗai, ko A da 4. Amsar ita ce A da 7, domin idan aka sami wasali a bayan 7 ƙa'idar ta rushe, alhali duk abin da ke bayan 4 ba zai rushe ta ba. Wannan shi ne ainihin kuren mai zaɓar mace a misalin nahawu da ya gabata. A 1998 David Moshman da Molly Geil suka ba ɗaliban jami'a irin wannan gwaji. Cikin waɗanda suka yi shi su kaɗai, kashi 9 cikin 100 suka dace, cikin rukunan da suka tattauna kuwa kashi 75.

Hugo Mercier da Dan Sperber, masana daga Faransa, sun yi bayanin irin wannan sakamako a 2011. A ganinsu, mutum yana da sakaci wajen binciken hujjar kansa, amma yana da kaifin ido wajen gano aibin hujjar wani. Idan ya zauna shi kaɗai, dalilan da ke goyon bayan ra'ayinsa kawai yake tarawa. Idan ya haɗu da wanda suka saɓa, kowannensu yakan zama matankaɗi ga maganar ɗan'uwansa, tsaba ta fita daga dusa.

7.0 Matsaloli

Matsala ta farko ita ce lokaci. Muhawara tana cin mintoci, saboda haka ba a iya bin kowane babi a cikin aji, kuma idan ɗalibai ba su yi karatun gida ba tsarin yakan gurgunce.

Ta biyu ita ce ƙyamar ɗalibai. A 2019 Louis Deslauriers da abokan aikinsa suka raba wani ajin fiziks na Harvard gida biyu, suka koyar da darasi ɗaya ta hanyoyi biyu. Waɗanda suka sha lacca mai armashi sun fi jin cewa sun ƙaru, amma a gwaji waɗanda aka sa su aiki suka fi samun maki. Wahalar tunani takan sa ɗalibi ya zaci ba ya ganewa, daɗin sauraro kuma ya sa ya zaci ya gane. Wajibi ne malami ya bayyana wa ɗalibai wannan tun ranar farko.

Ta uku ita ce tsara tambaya. Tambayar da hadda ke amsawa ba ta haifar da gardama, wadda ta fi ƙarfin kowa kuma ruɗani take jawowa. Samun ta tsakiya yana bukatar malamai su haɗa kai, su riƙa musayar tambayoyi da kurakuran da suka tsinta a takardun ɗalibai.

Ta huɗu ita ce maki. Idan aka ɗora maki mai yawa a kan dacewa a lokacin ƙuri'a, kowa zai bi gwani don tsira. Haka nan idan jarrabawar ƙarshe hadda take nema, ɗalibai za su koma ga hadda, domin inda lada yake nan suke zuba ƙarfinsu.

Ta biyar ta shafi harshe. A ƙasashe irin Nijeriya da Nijar, inda harshen lacca ba shi ne wanda mafi yawan ɗalibai suka tashi da shi ba, mai hujja yana iya yin shiru don tsoron kuskuren lafazi. Tun da manufar waɗannan 'yan mintoci ita ce fahimta, hikima ce a bar ɗalibai su yi gardama da harshen da bakinsu ya fi sakewa da shi, kana a dawo ga harshen darasi wajen taƙaitawa.

8.0 Kammalawa

Tun daga Nuwamban 2022, sa'ad da ChatGPT ya fito, ɗalibi yana iya samun amsa a tsare cikin daƙiƙoƙi, ko ya gane ta ko bai gane ba. Wannan ya rage darajar mayar da ajiya, ya kuma ƙara darajar iya auna amsa da kare ta a gaban wanda bai yarda ba. Abin da aka gani a Harvard, da sauran wuraren da aka ambata, ya nuna cewa na'ura tana amfani matuƙa idan aka sa ta aikin da ya dace da ita, watau tattara amsoshi, da suturta mai kunya, da nuna wa malami inda saɓani yake, da haɗa masu saɓanin wuri ɗaya. Sauran aikin yana wuyan malamin da ya tsara tambaya mai kyau ya kuma iya kame bakinsa na 'yan mintoci, da ɗaliban da suka juya suka fuskanci juna. Jami'ar da ke shirin kashe kuɗi a kan kayan aiki ya kamata ta fara tambayar kanta wace muhawara ce take so kayan su buɗe, kuma wa zai horar da malaman da za su jagorance ta.